Ɗamarar masu gudu da muke ɗinkawa a Nima

Shagona na ɗinki yana unguwar Nima a Accra, babban birnin Ghana, ni da yarana masu koyon aiki. Kaftani da kayan makaranta ne asalin abincinmu, kuma in Sallah ta matso ba ma ɗaga kai. Sauran watannin kuwa masu gudun dogon zango ne ke riƙe da keken: 'yan ƙungiyoyin motsa jiki na Nima da Maamobi da Madina, masu fita bayan sallar asuba ranar Asabar ko Lahadi. Wasu tudun Aburi suke hawa, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, wasu su bi gefen teku ta Labadi. Akwai kuma ƙalilan masu shirin gudun yada-ƙanin-wani, mai kilomita 42.195, ko rabinsa.

Duk kukansu ɗaya ne, ina za a sa kaya? Waya, makulli, katin shaida na Ghana Card, 'yan sidi na shiga trotro (motar haya) in ƙafa ta ƙi komawa gida, da dabino na jefawa a baki. Aljihun wando ba ya wannan aikin. Waya a aljihu dukan cinya take yi a kowane taku, tana jan wandon ƙasa, mutum yana gudu yana gyara tazuge.

Shi ya sa muke ɗinka ɗamara. Yadi ne mai miƙewa, a ninka shi ya zagaye ƙugu, faɗinsa kamar tafin hannu, ba maɓalli ba ƙarfe. Sirrinta a awo yake. Nakan auna ƙugun mutum in yanka ƙasa da awon, domin in ta zauna daidai a shago, a hanya sai ta saki da zarar gumi ya jiƙa ta. Masu saye ba sa son jin haka. Wani dattijo ya gwada tasa ya ce, "Maigida, wannan ai ta matse ni." Na ce, "Baba, sa wayarka ciki ka yi tsalle a nan." Ya yi, wayar ko motsi. Gwajinmu ke nan ga kowa, kuma ba na barin ɗamara ta fita sai an yi shi, ko da mai ita zai ji kunyar masu wucewa.

Waya a baya take zama, a kwarin da ke saman ɗuwawu, inda jiki bai cika girgiza ba. Aljihunta muna yi masa shafi da yadin rigar ruwa, don gumin Accra ba wasa ba ne. Iskar bakin teku a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, gangarowa take yi. Zik na roba muke sawa, na ƙarfe gishirin gumi ke cinye shi ya cije. Makulli yana da nasa ɗan madauki a gefe don kada ya karce fuskar waya. Kuɗin takarda da tsaba kuwa a ƙulle su a leda.

Maganar ruwa ce muke yawan saɓani da samari. Sun ga rigunan nan na ƙasashen waje masu jakar ruwa a baya, kowa yana so. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ga shi ta rufe maka baya, wurin da iska ya kamata ta bi. Turawan da aka yi wa ita cikin duwatsu suke gudu inda ba kowa. Mai bin titin Accra fa? Ledar fiya wata rabin lita ce, kuma da gari ya waye ba ya rasa mai talla. Ni dai shawarata ita ce leda ɗaya a ɗamara saboda duhun asuba kafin masu sayarwa su fito, da tsabar sayen wata. Mai doguwar tafiya a bayan gari, shi kam ya ɗauki jakarsa.

Riguna ba ma ɗinka su daga farko, gwanjon kasuwar Kantamanto muke zaɓowa mu gyara, kodayake bayan gobarar kasuwar a Janairun 2025 mun daɗe muna yawon neman kaya. Auduga ba ta shiga shagon nan don gudu: ta sha gumi ta yi nauyi, ta goge hammata da kan nono har jini. Mai santsin nan mara nauyi muke ɗauka, mu cire tambarin wuya, ɗinkin da ke da kauri mu kwance shi mu mayar da bakinsa waje. Inda duk fata ke gugar fata, man kaɗanya ya wadatar.

Abin da gwanjo ba ya kawo mana shi ne sutura irin tamu. Gajeren wandon Turawa ba ya kai gwiwa, mutanenmu kuma daga masallaci suke wucewa titi, don haka muke ƙara masa tsawo da yadi mara nauyi. Mata suna kawo awon doguwar riga mai tsaga a gefe da hijabin da ba ya buƙatar fil, su ɗaura ɗamarar daga ciki. Kowane kaya muna liƙa masa ƙyalle mai ƙyalli a baya, tunda rana a Accra sai wajen ƙarfe shida take fitowa, direbobin trotro kuma tun kafin nan suna kan titi.