Ba Gajiya, Yallaɓai

Duk wanda ya yi aikin banki a farkon 2023 ba sai an ba shi labari ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi, aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, mu kuwa muka manta da abin da ake kira Asabar da Lahadi. Ni ke kula da masu karɓa da biyan kuɗi a wani reshe a Kano, mutum shida a ƙarƙashina. Kafin a idar da sallar asuba layi ya zagaye katanga. Wanda ya samu dubu biyar ya harare ka, wanda bai samu ba ya tsine maka, kai kuma ba kai ka buga kuɗin ba.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, a tsakiyar wannan bala'i babu wanda ya kwanta. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara, kuɗi suka fara wadata, aka yi azumi, aka yi ƙaramar Sallah, sannan mutanena suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani matashi da nake alfahari da shi. Shekara uku yana kan kanta, ko naira goma ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba. A watan Mayu sau uku ana samun giɓi a lissafinsa. Ga shi ya koma mai saurin fushi, yaron da a da ko tsawa aka yi masa sai murmushi. Na yi abin da aka koya mini: na ba shi takardar tuhuma. Da ya kawo amsa, ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Yallaɓai, wallahi ina cikin ƙirga sai in tsinci kaina ban san inda na tsaya ba. Da dare kuma ƙarfe biyu nake farkawa, in ji kamar ana buga ƙofa." Na ce masa ya yi haƙuri, kowa da irin tasa. Ya ce to, ya fita.

Ban gane abin da ya faɗa mini ba sai da nawa ya zo. Ciwon kai na bayan wuya ya ƙi jin farasitamol, na je aka gwada ni, jini ya hau. Likitan ya tambaye ni aikin da nake yi, da na faɗa sai ya ajiye biro. Ya ce akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke sakin sinadarai idan mutum ya firgita, sinadari ɗaya ana ce masa adirenalin, ɗayan kuma kotisol. Su ke sa zuciya ta ƙara gudu, sukari ya ƙaru a jini, barci ya gudu, don mutum ya iya tsere wa haɗari. An yi su ne don firgicin ɗan lokaci. Idan aka shafe watanni kullum ana cikin ɗar-ɗar, jiki sai ya saba da zama a tsaye, ko hayaniyar ta lafa shi bai san ta lafa ba. Daga nan sai mantuwa, da rikicewar ciki, da hawan jini, da fushin babu gaira babu dalili. Ina zaune yana bayani, amma yaron nan nake gani a tsaye bakin teburina.

Daga baya na ga cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan irin ƙarewar da matsin aiki ke jawowa cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da ke faruwa idan damuwar wurin aiki ta daɗe ba a shawo kanta ba. Ta ba shi alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ingancin aikin ya ragu. Ni ta ukun kawai nake kallo, domin ita ce ke fitowa a takarda.

Wani abu kuma namu ne mu Hausawa. Kullum da safe ina zagayawa in ce, "Ina gajiya?" Kowa ya ce, "Ba gajiya, Yallaɓai." To, me zai ce? Gaisuwa ce, amsarta a shirye take tun kafin a haife mu. Ni kuma na riƙa ɗaukarta kamar rahoto. Sai na canza tambaya. Nakan kira mutum gefe in ce, ƙarfe nawa ka yi barci jiya? Ka ci abincin rana? Yaushe rabonka da hutun shekara? A nan na gano wata baiwar Allah a cikinsu ta yi wata goma sha tara ba ta ɗauki hutu ba, don tana tsoron a ce ba ta da himma, alhali aikin kwantiragi take yi, ana iya sallamarta ko yaushe.

Albashi ba a hannuna yake ba, yawan ma'aikata ma haka. Abin da ke hannuna shi ne jadawali, shi na taɓa. Na hana kowa wuce awa uku a jere kan kanta ba tare da an karɓe shi ba. Na mayar da fitar sallar azahar da cin abinci dole, ba alfarma ba. Na daina tura saƙon aiki a WhatsApp bayan isha'i, wanda shi ya fi ba ni wuya, don ashe ni ne babban mai laifin. Kwastoman da ya fara zagi kuwa, wurina ake turo shi. Manajanmu ya ce layi zai ƙara tsawo. Ya ɗan ƙara, amma giɓin yamma ya ragu, shi ma ya gani.

Ba duka jadawali ke gyarawa ba. Shi matashin nan ya yi hutun mako biyu ya dawo yadda ya tafi, ba ya cin abinci, ba ya son magana da kowa. Da na ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ya zabura: "Yallaɓai, ai ban haukace ba." Ban ga laifinsa ba. Har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan da dokar mahaukata ta 1958 take aiki, kuma a bakin mutane Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake a Kano, zagi ne. Sai da na nuna masa maganin hawan jinina a aljihu, na ce ni ma addu'ata nake yi kuma ina shan wannan, sannan ya yarda yayansa ya raka shi.

Yanzu ya koma wani reshe, ya yi aure, muna waya jefi-jefi. Takardar tuhumar da na ba shi tana nan a fayil ɗinsa. Sau biyu ina rubutawa a cire ta, aka ce abin da ya riga ya shiga ba ya fita.