Abin da filin wasa ya koya mini a lokacin TP

Na gama TP, wato koyarwar gwaji da kwaleji ke tura ɗalibai su yi a wata makaranta, na miƙa takarduna a sashe, saura jarrabawar ƙarshe ta NCE, takardar shaidar malanta. 'Yan aji biyu a kwalejinmu na ta tambayata yaya abin yake, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Malamin lissafi yana da bango huɗu da ƙofa. Mu 'yan PHE, masu koyar da motsa jiki da kiwon lafiya, ba mu da su. Duk abin da ya same ka a fili yara na gani, maigadi na gani, har mai awara ta bakin katanga. Ban san nauyin haka ba sai ranar da malamin da kwaleji ta turo ya duba ni ya iso.

Ƙwallo ɗaya makarantar ke da ita, ita ma a fashe, raga kuwa babu. Manhaja ta ce ƙwallon raga. Sai na shirya darasina a kan langa, na raba 'yan JSS 2 gida biyu, kowane gida ya fitar da ruwansa, wato ɗan wasan da sauran za su kare. Yara sun kama ƙafa, ƙura na tashi, har wani yaro da ba ya buɗe baki a aji yana ihu yana tsara wa 'yan gidansu yadda za su kare ruwa. Sai mutumin nan ya fizge usur daga hannuna ya busa. A gaban yaran ya ce, "Kai, wasan ƙauye aka turo ka koyarwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu ƙwallo ne." Ya ce ba ruwansa. Ya rubuta makinsa ya shiga mota.

Langa fa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, tare da dambe da kokawa. Na san haka a lokacin, na yi shiru, don makina na hannunsa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Washegari ce ta fi wuya. Yaran sun ga an ci mutuncina, in na juya baya sai wasu su kwaikwayi muryarsa. Wani malami ya miƙo mini bulala, wai da ita ake dawo da girma. Ban karɓa ba. Na ce a ci gaba daga inda aka tsaya, na ba jagoran masu tsokanar usur, na ce yau shi ne alƙali. Kafin a tashi ya ɗanɗana yadda ake ji in kowa na yi maka ihu. A kwaleji mun haddace ƙasusuwa da tsokoki da taimakon gaggawa, amma babu kwas ɗin da ya nuna mana yadda ake haɗiye fushi, hannu na rawa, aji guda ya zuba maka ido.

Sauran darussan da na koya gajeru ne. Kar ka bar kyaftin ya zaɓi 'yan wasa, yaron da aka bari a ƙarshe ba ya mantawa. Ka ƙirga su ɗaya-biyu kawai. 'Yan mata za su yi wasa in ka ware musu gefe, ka bar su da hijabi da dogon wando. Da azumi a koma inuwa a yi darasin tsafta. A ofis za a so a mai da kai ɗan aike. Ka gaishe su da ladabi, ka ce kana da aji.

Malamin da kwaleji ta turo, makin C ya ba ni. Shugaban makarantar kuwa ya ce in dawo in taya su shirya gasar gidaje ta bana, kuma a saka langa a ciki. Na ce masa ina nan tafe in sha Allahu.