Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Abin da Ido ke Ratsawa

Wancan makon na tsaya ne a inda na bar sassaƙa na koma shagon allon talla a Sabon Gari, wasunku har sun yanke hukunci wai na yi wa Baffa butulci, to ku dai ku ji saura tukuna. Mu gidanmu tun kaka da kakanni turmi da taɓarya da allon karatu muke yi, shi kuwa Baffa duk abin da gizago bai ci ba bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ranar da na fara zuwa gida da guntun Perspex, wannan gilashin roba da muke yanka haruffa da shi, ya karɓa ya ɗaga ya kalle ni ta cikinsa, ya ce "abin da ido ke ratsawa ba shi da ciki." Ya miƙo min kayana. A gaban Yaya fa, shi kuma har da dariya.

Wani dare an ɗauke wuta ina shago ni kaɗai, da ma na karta dagi da ƙusa a jikin wani guntu don zaman banza, sai na ɗora gefensa a kan tocila ba da niyyar komai ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Robar tana nan garau kamar babu ita, amma dagin ya kama da haske shi kaɗai kamar an rataye shi a iska. Daga baya na gane dalili, hasken in ya shiga ta gefe sai ya yi ta dukan fuskokin nan biyu masu santsi yana komawa ciki, ba shi da mafita sai inda ka ji wa robar ciwo. Ashe tana da ciki, Baffa. A raina na faɗa, a zuci kawai.

Wani ɗalibin sashen zane na ABU Zariya da ke zuwa yanka kayan aikinsa ne ya kashe min jiki, na nuna masa ina ta ɗagawa ya ce malam ai an riga ka. Ya buɗe min hotunan aikin Naum Gabo, mutumin Rasha da ya zauna Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, yana lanƙwasa Perspex ya ɗaɗɗaure shi da zaren nailan, layi kan layi har idonka ya ga siffar da hannu ba zai iya taɓawa ba. Ita robar ma a 1934 kamfanin ICI ya fito da ita da wannan suna, da yaƙi ya zo aka riƙa yi wa jiragen sama tagogi da ita. Da farko na ji haushi, daga baya kuma daɗi, tunda dai ba hauka nake ba. Kuma babu fuska, babu ƙafa, balle wani ya ce gunki nake yi, wannan kam ko Kawu da komai sai ya ce haramun bai samu abin faɗa ba.

Shi dai ɗalibin nan shi ya jawo min masifar rezin, wato ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare, ya ba ni labarin wasu masu aikin fasaha da rezin 'yan Los Angeles ta Amurka na shekarun 1960, musamman De Wain Valentine da ya zuba wani ginshiƙi mai tsayin ƙafa 12 da ake hangen haske ta cikinsa. Ni ma na sayo galan guda na zuba duka lokaci ɗaya a tsohuwar langar Inna, na cika maganin daskarewar don ya yi sauri. Ban san abin yana haifar da zafi da kansa ba, in ya yi kauri zafin ba ya samun fita. Kafin la'asar soro ya cika da wari, langa ba ta taɓuwa, can sai ji muka yi ƙas, ya tsage gida uku ya koma rawaya. Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Baffa bai ce uffan ba, ya leƙa langar kawai ya wuce masallaci, ni da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Yanzu ina da yara huɗu a shago, kwamfuta ke yanka mana, na yi wa gidaje a Nasarawa dagi da rubutun larabci mai haske ta gefe, har Yaya mai dariya ya aiko a yi wa 'yarsa na aure. Amma guntun farko na daren nan yana cikin akwatina, kuma har Baffa ya rasu ban taɓa nuna masa ba. Sau biyu ina sa shi a aljihu da tocila in je zaure in tsuguna in gaishe shi, sai in tuna yadda ya kalle ni ta cikin robar, in tashi da abina.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda Yaya ya kwashe buhun guntayena ya sayar wa 'yan jari bola, tunda har yau cewa yake bai san zancen ba.