Ranar da na mayar da amarya doki

Wallahi har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai. Muna aji biyu a jami'a aka ba mu aikin rubutu da Turanci, wai kowa ya kwatanta wani biki da ya taɓa halarta, ni kuma lokacin ina cikin zazzaɓin haddace manyan kalmomi, duk wadda na ga tana da tsawo a ƙamus sai in kwafe ta a bayan littafi. To a nan na tsinci caparisoned, na ga an ce ado ne mai ƙawa, ko ƙarasa karanta bayanin ban yi ba na ce shi ke nan na samu. Na rubuta cewa amaryar yayana ta fito ranar kamu richly caparisoned, ina ta jiran yabo.

Da malama ta dawo mana da takardu sai na ga ta zagaye wurin da jan biro, ta rubuta a gefe wai amaryar taku doki ce?

Ashe asalin kalmar ta doki ce. Caparison shi ne ƙawataccen mayafin da ake lulluɓa wa doki, irin na barden Turai a zamanin da, Turanci ya aro ta daga Faransanci, su ma sun samo ta daga Sifaniyanci. Kusan abin da muke gani a Hawan Daushe kenan, jalala da sauran kayan doki, shi ya sa masu rubutu kan hawan sallah da Turanci suke yawan amfani da ita. A Indiya giwayen da ake wa ado ranar biki a Kerala ma da ita ake kwatanta su. A Amurka kuwa dokin da ake ja babu mahayi a jana'izar manya, an juya takalma baya a likkafa, kamar na jana'izar shugaban ƙasa Kennedy a 1963, shi ma sunansa kenan. Ana ɗora wa mutum ita wani lokaci amma da ɗan shaguɓe a ciki, kamar a ce ya cika ado har ya wuce misali.

Tun daga ranar ba na ɗaukar kalma sai na karanta bayaninta har ƙarshe na kuma duba misalan jimlolin da ke ƙasa, in ga wa ake faɗa wa ita. Matar yayan nawa dai har yau ban gaya mata ba, takardar kuma tana nan cikin akwatina da jan bironta.