Yinin hutu a gonar inabi, kusa da Stellenbosch

Alhamis, tsakiyar Fabrairu

Rabona da barci irin na daren jiya har na manta. Da taron da ya kawo ni Cape Town, a Afirka ta Kudu, ya watse, wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ce kada in hau jirgi da wannan gajiyar a jikina. Shi ya nemo mini ɗaki a wata tsohuwar gona da aka mayar otal, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birni. Allah ya saka masa da alheri.

Bayan sallar asuba na buɗe taga. Zabi ne birjik suna kiwo tsakanin kunyoyin inabi, can baya kuma dutsen Simonsberg ya tsaya ƙiƙam. A nan Fabrairu lokacin zafi ne, kuma kakar inabi ce, don haka tun gari bai gama wayewa ba ma'aikata sun shiga gona da almakashi da kwanduna. An fi son a tsinke shi da sanyinsa, kafin rana ta gasa shi. Na daɗe ina kallonsu, shayin rooibos ɗina har ya huce.

Ginin kansa abin kallo ne: bango mai kauri an shafe shi da farar ƙasa, rufin ciyawa, goshin gidan an lanƙwasa shi da ado irin na mutanen Holan. Da rana ta take, cikin ɗakin sanyi ƙalau kamar soron ƙasa na kakannina, ban ko waiwayi na'urar sanyaya ɗaki ba. Garin Stellenbosch tun 1679 Simon van der Stel, shugaban mulkin Holan a yankin, ya kafa shi, a 1688 kuma Faransawan da suka gudo saboda tsanar addini suka iso, aka ba su gonaki a kwarin Franschhoek. Da yawa daga tsofaffin gonakin yankin daga wancan zamanin suka samo tushe.

Tun isowata na gaya musu ba na shan giya, ba na cin alade. Ba wanda ya yi mini kallon mamaki. Musulmi ba baƙi ba ne a wannan yanki. Suka kawo kifi, burodi mai zafi, ruwan inabi zalla, da wani inabin ci da suke kira hanepoot, mai ƙamshi da zaƙi har cikin kai.

Da hantsi Hajiya ta kira. Da na faɗa mata inda nake sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ba dai gidan giya ka sauka ba?" Na ce, "Ayya Hajiya, gona ce. Giyar dai suna yi, amma ni inabin nake ci." Ta ce in dai kula da sallata, in kuma yi barci, don muryata ta nuna na gaji. Na bi umarninta: na kwanta ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya har aka kusa azahar.

Bayan la'asar na zaga bayan gidan, na tarar da wani ɗan farin gini mai baka, an rataye ƙararrawa a tsakiyarsa. Wani dattijo mai kula da lambu ya ce da ita ake tashin bayi su fita aiki. Nan jikina ya yi sanyi. Bangon da ya sanyaya ni duk yini, bayi ne suka ɗora shi, su ne kuma suka kafa kunyoyin farko. Kamfanin kasuwancin Holan da ke mulkin yankin a lokacin ya kwaso su daga Indunusiya, Indiya, Madagaska da Mozambik, cikinsu har da Musulmi da yawa. An soke bauta a 1834, amma aka ci gaba da riƙe su da sunan koyon aiki har 1838. Bayan haka ma ba a sake su da gaske ba, don gonaki sun daɗe suna biyan wani ɓangare na ladan ma'aikaci da giya. An haramta hakan a 1960, duk da haka bai mutu nan da nan ba, kuma ciwon da ya bari a gidajen talakawan gona har yau ana jinyarsa. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai. Mutum ya yi maka wuni yana sunkuye, ka sallame shi da abin da zai kashe masa gida?

Ban ji cewa bai kamata in zo ba. Hutun halal ne, na biya, jikina kuma yana bukata. Amma a ganina otal irin wannan bai kamata ya nuna wa baƙo kyan gini kawai ba, ya bar mai lambu shi kaɗai da labarin ƙararrawa. Dattijon nan ya fi takardar da aka ajiye mini a ɗaki bayani.

Shi ne ma ya tuna mini da Shehu Yusuf na Makassar ta Indunusiya, malamin da mutanen Holan suka koro daga gabas zuwa nan a 1694, suka ajiye shi a gonar Zandvliet don ya yi nesa da jama'a. A can ya rasu a 1699. Kogin Eerste da ya ratsa Stellenbosch kusa da kabarinsa yake faɗawa teku, wurin kuwa yau Macassar ake ce masa.

Da magariba iska ta taso daga kudu, zafi ya karye. Na ci abinci da wuri, na je wurin mai karɓar baƙi na roƙi a sauya mini lokacin mota. Gobe in Allah ya kai mu direba zai zo ƙarfe takwas, mu biya ta Macassar in yi wa Shehu addu'a kafin mu wuce filin jirgi.