Godiya bayan zaman wayar da kai kan aikin tansil a Agege

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas muna miƙa godiya ga iyayenmu limamai da suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, da matasan da suka shimfiɗa tabarmi, musamman iyaye mata da suka taso tun daga Idi-Araba da Mile 12 duk da cunkoson hanya. Allah Ya saka da alheri.

An roƙe mu mu rubuta bayanin gwajin jini, to ga shi. Tansil naman nan biyu ne na gefen maƙogwaro, daban suke da belun da wanzami ke yankewa. Kafin a cire su ana duba yawan jini, da ƙwayoyin da ke toshe rauni, waɗanda bai kamata su gaza 150,000 ba, sai PT da APTT masu auna lokacin da jini ke ɗauka ya daskare, da gwajin sikila.

Amma fa takarda ta fito lafiya ba ita ce ƙarshen magana ba. Ciwon von Willebrand, wato ciwon gado da ke hana jini tsayawa da wuri, idan mara tsanani ne yakan wuce waɗannan gwaje-gwaje ba a gan shi ba. Abin da uwa ta sani ya fi tona shi. Jini ya ƙi tsayawa ranar kaciya? Yaro na yawan haɓo? Akwai kawun da ya sha wahala bayan cire haƙori? A faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne. A daina asfirin mako guda kafin aiki, a kuma ambaci duk jiƙon da ake sha.

Bayan aiki, jini na iya ɓallewa cikin awa 24 na farko, sai kuma tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da farin ɓawon da ya rufe wurin ke faɗuwa. Wannan farin ba mugunya ba ce, kada a kankare shi. Yaro ya riƙa shan ruwa sosai. Idan yana ta haɗiyar yawu ba ƙaƙƙautawa, ko ya tofar da jan jini, ko ya yi amai baƙi, a nufi asibiti nan take ko tsakar dare ne, kada a ba shi abinci. Tafiya gida Arewa kuwa a jinkirta ta sai bayan mako biyu.

Masu sauran tambayoyi su same mu a zama na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.