Daga Tsafe Zuwa Rigasa da Turmin Inna

Direban kantar da muka ɗauko haya ya rantse ba zai ɗora turmin ba. Ya ce mota ta cika, ga gado, ga katifu an naɗe da igiya, ga keken ɗinkina, ga buhunan dawa bakwai, kuma a cewarsa babu mai daka a Kaduna, kowa inji yake kai niƙa. Inna ba ta ce masa uffan ba. Ta je ta zauna a kan turmin, ta ja mayafinta ta rufe gwiwa. Ni ne ɗanta na fari, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, don haka ta kau da kai gefe ta ce, "Kai wanga, in ba a tahiya da shi, ku tahi ku bar mu tare." Na sauke buhun dawa ɗaya na bar wa maƙwabcinmu, aka sa turmi a gurbinsa.

A watan Nuwamba na 2023 ne, ana tsakiyar kaka, a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Tsafe ta jihar Zamfara. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, don har yanzu akwai 'yan'uwana a can.

Shekara biyu na yi ina juya maganar tashin nan a zuciyata. Tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, sana'ata ta fara mutuwa, domin telan ƙauye ranar kasuwa yake cin abinci. Gona kuwa ta zama sai da izinin mutanen daji. A biya su kafin shuka, a sake harhaɗa musu kafin girbi, kuma biyan ba ya hana su dawowa. Duk wannan na daure. Abin da ya karya ni wata ranar Laraba ce da la'asar, wani maƙwabci ya shigo layinmu da babur, sai na nemi 'yata mai shekara tara na rasa. A ƙarƙashin gado na same ta, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ba ta ko kuka. A daren nan na kira Kawu, ƙanin Inna da ke Rigasa, na ce ya nema mana ɗaki.

Jajibirin tafiya na je maƙabarta ni kaɗai bayan la'asar, tunda mata ba sa zuwa a wajenmu. Na yi wa Baba addu'a, na cire ciyawar da ta rufe kabarinsa, na gyara ƙayar da aka kewaye shi da ita. Da na dawo Inna tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka yi mashi sallama?" Na ce na yi. Ta ci gaba da tsintarta. Shekara arba'in da wani abu ta yi a gidan nan, a cikinsa ta haife mu duka, kuma wannan tambayar ce kaɗai ta yi game da barinsa.

Ba mu yi sammako ba. Masu bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa sun san ba a shigarta da duku-duku, ba a kuma yarda dare ya riski mutum a kanta. Muka tsaya a bakin titi cikin garin Tsafe sai da rana ta ɗaga, motoci suka fara wucewa a jere, sannan direba ya ce bismillah. Inna da maiɗakina da autanmu suna gaba, ni da yara biyu muna baya a kan kaya, na jingina da turmi.

Daga Tsafe zuwa 'Yankara, inda ake shiga jihar Katsina, babu wanda ya yi magana. Direban da ya cika mu da surutu da safe ya kashe rediyo. Ina kallon gonaki dama da hagu, wasu an yanke dawa an jera, wasu kuma ta bushe a tsaye, kan ya sunkuya, babu wanda ya zo girbi. Manomi ne kaɗai ya san zafin ganin haka. Mun wuce shingen jami'an tsaro ban san adadi ba, a kowanne sai a leƙa kayanmu a ce, "Tashi kuka yi?" Mu ce e. Wani soja ya dubi yaran ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ɗaga mana hannu.

Sai da muka shiga Funtuwa na ji numfashina ya dawo daidai. Muka tsaya kusa da tasha, yara suka ci waina da miya, na saya wa Inna fura ta ce ba ta jin yunwa. A nan direba ya nemi ƙari a kan kuɗin da muka yi ciniki, ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu lissafinsa ba ya fita. Ban yi jayayya da shi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ya yarda ya shiga ƙauyenmu a lokacin da direbobi uku suka ƙi.

Bayan Giwa sai Shika, inda babban asibitin koyarwa yake. Nan muka taɓa kawo Baba a ciwonsa na ƙarshe, na ga Inna ta cikin gilashin baya ta juya tana bin ginin da kallo har ya ɓace. A Samaru kuma 'yata ce ta miƙe tsaye a kan katifa, sai da na riƙe mata riga. Ta ga 'yan mata ɗalibai suna fitowa daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da littattafai a hannu, ta ce, "Baba, waɗannan duk malamai ne?" Na ce ɗalibai ne, karatu suke yi. Na gaya mata jami'ar tana nan tun 1962, kuma irin masara da dawa da malaman gona suke kawo mana a ƙauye, a cibiyar binciken noma ta nan Samaru ake fitar da shi. Ta yi shiru can ta ce, "Ba a rufe tasu makarantar?" Tamu ta firamare ta fi shekara a kulle.

Daga Kwangila muka hau babban titin Kaduna, tafiyar kilomita kusan 80, motar ta saki jiki. Muka wuce Jaji da barikin sojanta, muka wuce Maraban Jos inda tireloli suka yi layi a gefen titi kamar ba za su ƙare ba, sai Rigachikun, sai ga gadar Kawo. Yaran ba su taɓa ganin titi a kan titi ba. Muka karya ta Mando muka bi titin Nnamdi Azikiwe, ƙura da manyan motoci da 'yan Keke Napep suna kutsawa ta ko'ina, har Bakin Ruwa, inda ake shiga Rigasa. Kawu yana tsaye a nan yana jiranmu tun azahar.

Na ɗauka mun iso. Ashe Rigasa kanta tafiya ce. Layi bayan layi, shago bayan shago, masallaci, makarantar Islamiyya, mai shayi, mai cajin waya, mutane kamar ranar idi. Inna ta leƙo ta taga ta ce wa ƙaninta, "Wanga gari ba shi da iyaka?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, unguwa ɗaya ce wannan, ba ki ga Kaduna ba tukuna."

Ɗaki biyu ne ciki da falo a gidan haya mai ɗakuna takwas, banɗaki na kowa da kowa, tsakar gida ba ta kai faɗin rumbunmu biyu ba. Kafin mu gama sauke kaya, matan gidan sun aiko da tuwon shinkafa da ruwan sha a bokiti. Ba su san mu ba, ba su tambaye mu komai ba. Wannan kwanon tuwo ba zan manta da shi ba har in mutu.

Da daddare muka zauna da Kawu a kan benci a ƙofar gida. Can sai muka ji kukan jirgin ƙasa daga tashar Rigasa, wanda ke zuwa Abuja tun 2016. Na tuna harin da aka kai masa a watan Maris na 2022, na ce wa Kawu ashe nan ma abin ya taɓa zuwa. Ya ce ya zo, kuma ba zai yi mini ƙarya ya ce Kaduna aljanna ce ba. Shi ma yana saurayi ya baro gida ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, yana ganin ya zauna ke nan, sai masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Ya koma tallan atamfa a kafaɗa yana da furfura. Ya ce, "Ɗana, sau biyu na fara daga ƙasa a garin nan. Gobe da safe ka ɗauko kekenka, akwai wanda zan kai ka wurinsa."

Makonnin farko sun yi mana nauyi. Ruwan da muke ja kyauta a rijiyar gida, nan sai an tsayar da mai kura an saya jarka-jarka. Itacen da yara ke tsintowa ya zama gawayi na awo. Yaran layi suna kwaikwayon harshen 'ya'yana, suna ce musu "mi kac ce", har ɗana ya daina magana a waje. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da wani ya nuna ni a shago ya ce, "Ɗan gudun hijira ne." Da tausayi ya faɗa, na sani. Amma ni ina da gona mai cin tiya shida ta iri, ina da gidan da kakana ya gina, kuma ban zo roƙo ba. Na samu gefe a shagon wani tela a bakin titi, ina biyan kuɗin zama duk mako, ina sayo zare da shafi a Kasuwar Gumi. 'Yata ta shiga aji uku. Har yanzu takan firgita in babur ya tsaya a ƙofar gida, amma ta daina shiga ƙarƙashin gado.

Inna ce ta ƙi sakewa. Wata guda cur ba ta taka ƙofar gida ba. Tana sallah, tana jan carbi, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana kallon katanga. Turmin yana kife a lungu, an ɗora masa bokiti. Na fara tunanin ko na ceci 'ya'yana ne na kashe uwata a tsaye, kuma wannan tunanin ya hana ni barci dare da yawa.

Ranar wata Asabar ina shirin fita, wata dattijuwa daga gida na uku ta yi sallama. Ta ce 'yarta ta haihu, suna saura kwana uku, ana son daka yajin jego, an zaga layin kaf ba a samu babban turmi ba, sai aka ce mata baƙin Zamfara suna da shi. Inna ta dube ta tun daga sama har ƙasa ta ce, "Wa za ya daka?" Matar ta ce 'yan matan gida. Inna ta tambayi abin da suka haɗa. Matar ta lissafo barkono da citta da kanumfari da masoro. Inna ta ce, "Babu kimba?" Ta miƙe, ta sauke bokitin, ta sa ɗana ya gangara turmin, ita kuma ta ɗauki taɓarya a kafaɗa ta bi bayansu.

Ba ta dawo ba sai bayan magariba, mayafinta duk jan barkono, tana atishawa. Maiɗakina ta kawo mata ruwa ta ce, "Sannu Inna, kin sha aiki." Ta ce 'yan matan Kaduna ba su iya riƙon taɓarya ba, rabin yajin ma bai yi laushi ba. Na tambaye ta ina turmin. Ta ce ta baro shi can, da safe za ta koma.